Kawuna da Ƙaramar Tukunyar Iska

Kwana bakwai bayan rasuwar Kawu aka yi masa addu'a a Montreuil, a ɗakin ƙasa na wani gidan ma'aikata inda mutanen Maraɗi suka saba taruwa. An riga an binne shi a Lyon, inda ya yi rayuwarsa, amma yawancin waɗanda suka san shi tun gida suna Paris, sai aka ce su ma a ba su wurin zama. Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, kuma ni kaɗai ce jininsa a wannan gari, don haka ni na zauna karɓar gaisuwa a ɓangaren mata, bayan labule.

Labulen bai hana magana ƙetarowa ba. Da aka shafa fatiha aka fara raba shinkafa, sai na ji muryar wani Alhaji mai shagon atamfa a Barbès, wanda ya san Kawu tun suna samari.

"To amma fisabilillahi, mutum ya haura sittin, me ya kai shi ƙarƙashin ruwa? Kifi ne babu a kasuwa?"

Wasu suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, sannan suka tuna inda suke suka ce Allah Ya jiƙansa. Wani ya ce ai ya daɗe cikin Turawa, abin nasu ne ya ɗauka. Wata Hajiya da ke gefena ta dafa gwiwata ta ce, "Ki yi haƙuri ɗiyata, kwana ne ya ƙare."

Na sani. Ba yau na fara jin cewa kowa da ranarsa ba, kuma na yi imani da hakan. Amma na zauna da faranti a cinyata, ina jin ana mayar da mutumin da ya fi kowa taka-tsantsan a duk waɗanda na sani wani tsoho mai ganganci da ya bi kifi ya halaka. Ba a tashe ni in tanka wa sa'annin iyayena a wurin makoki ba. Shi ya sa nake rubutawa.

A Lyon gaisuwar ta sha bamban. Tsofaffin abokan aikinsa ne suka zo, Turawa huɗu masu manyan hannuwa, suka tsaya a ƙofar gida ba su san ko su cire takalmi ba. Ɗayansu, wanda suka fi shekara ashirin suna aiki tare, ya durƙusa gaban matar Kawu, wadda dukanmu muke kira Inna. Da ƙyar ya ce mata, a Faransanci, "Sau biyu ya fito da ni daga ƙarƙashin ruwa." Inna ta gyaɗa kai. Ta san zancen.

Kawu ɗan masunta ne daga bakin tafkin Madarumfa. Ya iya ruwa kafin ya iya karatu. Ya zo Faransa koyon walda, ya ƙare yana yin ta a ƙarƙashin ruwa: ƙafafun gadoji, ƙofofin madatsu, duk wani ƙarfe da kogin Rhône ya ci. Aikin nutso ne a ruwa mai sanyi da duhu, inda mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Ana turo masa iska ta dogon tiyo daga jirgi, shi kuma yana goye da wata ƙaramar tukunyar iska, don ko tiyon ya samu matsala. Bayan ya bar aiki bai bar ruwa ba. Ya koma nutso don nishaɗi, da babbar tukunya a baya kamar kowa, amma ƙaramar tana ɗaure a gefensa da nata abin shaƙa daban. Ba ta kai tsawon damtsena ba.

Mun yi masa dariya a kanta, har da ni. Inna ce ta sa mata suna 'yar auta, saboda tana da wurinta a kabad ɗin zaure, a naɗe cikin tsohon tawul, kuma ba mai taɓa ta. Lokacinta na yi zai ɗauke ta ya kai a duba, ko da bai taɓa buɗe ta a ruwa ba tun dubawar baya. Masu nutso na zamani ma suna zolayarsa, suna cewa ai kowa yana da abokin nutso, in iska ta ƙare sai a shaƙi ta aboki. Shi kuma ya ce, "Abokin yana ina lokacin? Yana can yana ɗaukar hoto."

Sau ɗaya tak ya gaya mini dalili. Muna kicin yana fere dankali, ni ina shekarar farko a jami'a, na ce masa, "Kawu, wai ba ta yi maka nauyi?"

Bai ɗago ba. Ya ce a farkon aikinsa akwai wani abokin aiki da aka tura cikin wani matsattsen rami a gindin madatsa. Wurin ya yi ƙunci, sai mutumin ya cire ƙaramar tukunyarsa ya bari a jirgi, shugabansu yana kallo bai hana ba. Wani ƙarfe ya zame ya danne tiyon iska. Kawu aka tura ya ɗauko shi.

"Na same shi ya kankare laka da farcensa," in ji shi. "Nauyinta a tudu ne kawai, ɗiyata. In kin shiga ruwa ba kya jin ta." Ya miƙo mini kwanon dankalin ya ce in wanke.

Ba mutum ne mai sauƙi ba, kuma ba zan shafa masa mai don ya mutu ba. Yana da faɗa. Ya taɓa tsayar da jirgi cike da mutane a bakin teku, an biya an shirya, saboda ya ga jagoran bai duba kayan wata ɗaliba ba. Ya yi ta surfa masa faɗa gaban kowa har jagoran ya ce ya sauka. Ya sauka kuwa, ya tuƙo mota awa uku ya dawo gida, ya zauna yana huci, Inna tana tambayarsa abin da ya faru yana cewa ba komai. Bai sake komawa wannan ƙungiyar masu nutso ba. Ko a gida haka yake: in ka rufe gas zai bi bayanka ya sake murɗawa, in ka ce ka kulle ƙofa zai tashi ya taɓa. Yana gajiyar da mutum.

Amma shi ne ya koya mini ruwa. Shekarar da na zo gidansa a Lyon na faɗi jarrabawa, na kulle kaina a ɗaki ina tunanin yadda zan gaya wa mahaifiyata. Bai yi mini nasiha ba. Ya je ya nemo wata mata mai koyar da iyo, ya sayo mini rigar ruwa mai rufe jiki duka, ya kai ni, ya zauna a mota da jarida har na fito. Haka kowace Asabar har hunturu ya wuce. Daga baya, da na fara nutso da tukunya, shi yake duba ni kafin in shiga. Zai sa mini abin shaƙar ƙaramar a baki ya ce, "Shaƙa." In shaƙa. "Sake." In sake. "Sake." Sai na uku yake sakin kafaɗata. Na taɓa ce masa ya cika naci. Ya ce, "Uwarki ni ta ba wa amanarki, ba ruwa ta ba wa ba."

In ya zo Paris, kafin ya iso wurina sai ya tsaya a Porte de la Chapelle, inda baƙin da suka ƙetaro teku suke zama a gindin gada. Yana bi yana sallama da Hausa har wani ya amsa. Ya sayi shayi da burodi, ya zauna, ba ya tambayar kowa takarda ko dalili. Wata rana ya iso gidana bai iya cin abinci ba. Wani magidanci ɗan Tawa ya ba shi labarin yadda jirgin robarsu ya sace, mutane suka nutse a wurin da suna hango fitilun tudu. Abin da Kawu ya yi ta maimaitawa shi ne, "Ba wanda ya koya musu ko kwanciya a kan ruwa." Bayan nan ya fara kai mutane wurin iyo a Lyon, manyan maza masu gemu, yana tallafe da bayansu yana cewa su saki jiki. Bai taɓa gaya wa mutanen Montreuil ba, su ma ba su tambaya ba.

Yanzu in zo kan surukinsa, mijin ɗiyarsa. Ɗiyar taubashiyata ce, tare muka kwana ɗaki guda shekara huɗu. Mijin mai ilimi ne, yana da aikin ofis mai kyau, yana da fara'a, kuma kowa yana son sa. Kawu da kansa ya fara saka shi a ruwa. Cikin shekara biyu ya sayi kaya masu tsada ya fara ganin ya wuce malaminsa. Sai ya haɗu da wasu abokai masu harbin kifi da bindigar roba, irin mai kibiya ɗaure da igiya.

A teburin Sallar Layya aka yi rigimar, ina wurin. Surukin ya zaro waya yana nuna mana hotonsa riƙe da wata ƙatuwar tarwaɗa, tukunya a bayansa. Kawu ya karɓi wayar ya duba ya ajiye ta a kife.

"A ina ka harbe ta?"

"Wani tafki ne, Baba, ba kowa a wurin."

"Da tukunya a bayanka."

"E."

"Ka san doka ta hana. In farauta kake so, ka je teku ka riƙe numfashinka kamar yadda masu yi suke yi. Kifi ba shi da tukunya."

Surukin ya yi dariya ya ce ba wanda ke dubawa.

"Ni ba jandarma nake ji ba," in ji Kawu. "Mai bin kifi ba ya duba agogon iskarsa. Idonsa yana kan kifi. Na ga irinka."

"Baba, kayan yanzu ba irin na zamaninku ba ne. Ba sa lalacewa."

Inna ta ce a ci nama kafin ya huce. Kawu ya tashi daga teburin bai ƙara loma ba. Mako biyu ba ya amsa gaisuwar surukin. A na uku ya je ya sayo ƙaramar tukunya sabuwa, irin tasa, ya haɗa mata abin shaƙa da hannunsa, ya cika ta, ya kai har gida. Surukin ya ce, "Merci, Baba," ya saka ta a bayan mota. Haka Kawu yake ba da haƙuri, kuma haka aka karɓa.

Ranar Lahadi ce da safe, farkon sanyi. Ina kasuwar Barbès ina zaɓen kuɓewa wayata ta yi ƙara. Taubashiyata ce, ba ko sallama. Ta ce, "Ki taho. Baba yana asibiti." Na bar ledar a kan teburin mai kaya na nufi tashar jirgi.

Abin da ya faru na tattaro shi ne daga baya, daga abin da surukin ya gaya wa jandarmomi, da abin da tsohon abokin aikin Kawu ya karanta a agogon zurfin da ke ɗaure a hannun Kawu. Abokan surukin sun fasa zuwa, shi kuma ya ce zai shiga shi kaɗai. Matarsa ta kira mahaifinta ta ce, "Baba, ka bi shi, ni ba ya jin maganata." Kawu ya bi shi. Tsohon ramin tsakuwa ne da ruwa ya cika, gabas da Lyon, da matattun itatuwa a ƙasansa. Surukin ya harbi babbar tarwaɗa, ta ja shi cikin rassan, igiyar ta naɗe masa ƙafa da tukunya. Ya yi ta kokawa yana haki har iskarsa ta ƙare. Kawu ya iso, ya cusa masa abin shaƙar ƙaramar tukunyarsa a baki, ya kwance ta daga jikinsa ya maƙala masa, ya yanke igiyar, ya tura shi sama. Surukin ya fito lafiya.

Ragowar igiyar Kawu ta kama. Agogon ya nuna ya daɗe a wuri guda, yana aiki mai nauyi, a ruwan da laka ta riga ta turnuƙe. Ya kuɓuta, amma babbar tukunyarsa ta ƙare a ƙasa, kuma abin da ya yi shekara talatin da wani abu yana ɗauka saboda wannan minti ɗin ba ya jikinsa. Ya taso da sauri, irin tasowar da ya hana ni sau ɗari, don tana sa kumfar iska ta toshe wa mutum hanyar jini. Ya kai bakin ruwa da kansa, sannan ya faɗi.

Da jandarmomi suka buɗe bayan motar surukin, sun sami sabuwar tukunyar a cike, da takardar shago a wuyanta. Tsakanin motar da ruwa bai fi taku talatin ba.

Kwana biyu ya yi a asibiti. Bai yi magana ba. Rabin jikinsa ya mutu, idonsa kawai ke bin mutum. Na riƙe hannunsa na hagu, wanda ke motsi, na ce, "Kawu, ni ce." Ya matse yatsuna. Na so in yi masa faɗa a nan, wallahi na so. Mutumin da ya tsayar da jirgi saboda ɗiyar wasu, ya ga surukinsa da bindiga, ya gan shi ba ƙaramar tukunya, ya shiga. Ya karya dokarsa da kansa. Har yau in na tuna shi, kafin hawaye ya zo fushin ke fara zuwa, kuma ban san inda zan kai shi ba. Ya cika ranar Talata, bayan azahar, Inna tana yi masa kalmar shahada a kunne.

A gidan makoki surukin ya zauna cikin maza yana karɓar gaisuwa, kansa a sunkuye. Duk wanda ya tambaya sai ya ce hatsari ne, kuma ba wanda ya ƙara tambaya. Inna ta hana a faɗi sauran. Ta ce mini, "Mijin ɗiyata ne, uban jikokina. In na tona shi, ina za ta sa kanta?" Na ce, "To Kawu fa, Inna? Ana cewa kwaɗayin kifi ya kashe shi." Ta ce, "Shi ya riga ya tafi inda maganar mutane ba ta isa." Ban yarda da ita ba, kuma na gaya mata. Wannan ne karo na farko da na ɗaga murya a gabanta. Taubashiyata kuwa ta daina kirana. Na san abin da ke cin ta, ita ta ce ya bi shi. Ban taɓa ɗora mata laifi ba, amma ban kira na gaya mata haka ba, wannan kuma nawa ne.

Bayan wata biyu surukin ya zo Paris wani aiki, ya roƙi in ba shi minti goma. Muka haɗu da rana a wani wurin shan kofi kusa da tashar jirgin ƙasa mai zuwa Lyon. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya yi doguwar gaisuwa, na amsa a gajarce. Ya ce ya sayar da kayan nutsonsa duka, ya ce ba ya barci, ya ce in yafe masa.

Na ce, "Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Kafin ku shiga, bai tambaye ka ƙaramar tukunyar ba?"

Ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"Ya tambaya."

"Me ka ce?"

"Na ce na manta ta a gida."

"Alhali tana bayanka."

"Tana kama ni in zan ɗana bindiga. Na san in na ce tana nan zai sa in ɗaura." Ya share fuskarsa da tafin hannu. "Ya ce to mu fasa. Na ce ni zan shiga, shi ya jira a mota in yana so. Na juya na fara shiga ruwan."

"Sai me?"

"Sai na ji shi a bayana yana saka takalmin iyo. Ya ce, 'To ka tsaya kusa da ni.'"

Na ɗauki jakata. Ya ce ban ba shi amsa ba. Na ce masa yafiyar ba tawa ba ce ni kaɗai, kuma kason da yake nawa ban shirya bayarwa ba. Na ce ya je ya faɗa wa matarsa abin da ya faɗa mini yanzu, kalma da kalma, don ta daina ɗaukar kayan da ba nata ba. Na fito na bar shi a zaune.

Ban sani ba ko ya faɗa mata. Inna za ta ji haushin wannan rubutu, kuma zan je Lyon in durƙusa in saurari faɗanta. Amma ba zan janye ko layi ɗaya ba. Wanda ya san Kawu, a Madarumfa ko a bakin Rhône ko a gindin gadar nan ta Paris, ya sani cewa ba kifi ya bi ba. Mijin ɗiyarsa ya bi, ya fito da shi da rai.

Allah Ka gafarta masa faɗansa da taurin kansa, Ka karɓi abin da ya bayar, Ka yalwata masa makwanci. Ni kuma Ka sanyaya mini zuciya, don har yanzu ba ta sanyaya ba.